Rasuwar Balbela, Motar da Aka Sayar Mini Bayan Ta Nutse

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Iya Mai Wanki, a madadin kaina da 'yata Auta da mata huɗun da ke cin abinci a bakin bahona, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki, har da waɗanda suka yi mini dariya a bayan ido, rasuwar motata, wadda muke kira Balbela saboda farinta. Ta cika ranar Alhamis da safe a tsakiyar shataletalen da ke gaban gidan mai, ɗauke da zannuwan gado da tawul-tawul na otal ɗin da nake yi wa wanki. Ta rasu tana da kwana arba'in da bakwai a hannuna. Shekarunta na gaskiya kuwa sai a tambayi wanda ya sayar mini da ita, shi ya san ramin da ya tono ta.

Ni ban yi karatu ba, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Auta ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na gaya mata duk inda na ambaci mijinta ta rubuta yadda ya fito daga bakina, don zan sa a karanta mini a wani wuri, in na ji an rage kalma ɗaya za mu koma farko.

An ce a ambaci mamaci da alheri, to bari in fara da alherinta. Marigayiya mai kyau ce, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Fara ce tas kamar zanen da ya sha bula, ga faɗin baya, ƙunshin wanki goma sha biyu take ɗauka ba ta ce uffan ba. Ranar da ta shigo layinmu, matan da nake aiki da su sun fito da kumfa a hannu suna shafa ta. A kwana goman farko ba ta taɓa sa na makara ba. In Auta ta murza makulli, sai ta amsa a hankali, hummm, kamar mutumin kirki da aka tashe shi daga barci bai yi fushi ba. Na so ta. Da hannuna nake goge ta, da tsumman da ban yarda a taɓa wani abu da shi ba. Kada wani ya ga ina faɗa ya zaci da ita nake. Ita ma zaluntarta aka yi.

Ga wanda bai san dalilin da ya sa tsohuwa irina ta sayi mota ba, ya sani ba don fankama ba ne. Shekara goma sha tara ke nan ina wanke kayan otal ɗin nan. Ƙa'idarsu ɗaya ce: kaya su iso kafin ƙarfe bakwai, a goge, a ninke, ba tabo ba wari. Duk shekarun nan a motar haya nake kaiwa. Na ga direban da ya ɗora jarkar fetur a kan farin zane. Na ga wanda ya ce yana zuwa yanzu, ya zo da azahar yana sakace. Da Auta ta koyi tuƙi, sai na ce to, abin da na tara da farcen nan da sabulu ya cinye, bari in mai da shi ƙafa huɗu, in huta da roƙon mazan mutane.

Ina da bakanike, tsoho, garejinsa na ƙarshen layinmu, shi ke gyara mini injin jan ruwa tun Auta na goye. Shi na yi niyyar ɗauka ya duba mini. Sai surukina, mijin Auta, wanda abokansa ke kira Masani, ya gyara zaman tabarau ya ce, "Haba Iya, wannan tsohon ai sai tsofaffin akwaloli. Motocin yanzu kwamfuta ce a cikinsu. Ki bar mini komai." Na bar masa komai. Ban so in kunyata mijin 'yata a gaban 'yata ba. Auta, rubuta, kada ki dube ni. Wannan kawaicin shi ne ciwon farko da ya kama marigayiya.

Muka je gidan sayar da motocin da ke kan babban titi, mai gilashi daga sama har ƙasa. Mai gidan ya fito da kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, lauyan maƙwabcinmu ya ce kada in faɗa, amma ni Mai Turare nake ce masa, duk wanda ya taɓa shiga wurin kuma ya gane. Tun daga ƙofa yake zuba mini Hajiya: Hajiya ga kujera, Hajiya ga ruwan sanyi, Hajiya wannan motar kamar don ke aka ƙera ta. Ya ce sabuwa ce dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Muka same ta a kunne, injin ya riga ya ɗumama, gilasai huɗu a sauke, an rataya wani ɗan kwali mai ƙamshi a madubi, wani a baya, wani a ƙarƙashin kujera. Motar da ba ta da abin ɓoyewa me za ta yi da turare uku?

Na sa kaina ta taga na shaƙa. Jama'a, shekara arba'in ina sana'ar ruwa da tufa. Hancina ya san zanen da ya bushe a rana, ya san wanda aka kwashe da sauran danshi aka ninke. Ko an juye masa kwalbar turare, a ƙarƙashi ruma tana nan kwance tana jira. Na ɗago na ce, "Motar nan ta taɓa jiƙa." Mai Turare ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Hajiya, ai wanke ta muka yi saboda zuwanki." Surukina kuwa yana gaba yana latsa wani allo mai haske kamar talabijin, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Iya, warin sabon abu ne, ba ki saba ba ne." Ni da na saba da warin kayan mutum dubu, wai ban saba ba. Sai na koma gefe, don an nuna mini cewa magana ta masu karatu ce.

Aka kawo takarda shafi uku. Surukina ya ɗaga ta, ya juya, ya sake juyawa, ya ce lafiya lau, duk cikin lokacin da bai isa a ɗaure ɗankwali ba. Hankalinsa na kan hoton da yake so a ɗauke shi a jikin mota. Na dangwala yatsana. Na biya, ban rage ko kwabo ba. Ko zagaya titi da ita ba mu yi ba, wai babu mai a ciki sai mun fita mun saya.

Jinyar marigayiya ta fara ne a kwana na sha ɗaya. Muna tafe rana tsaka, sama ko gajimare babu, sai abin share gilashi ya tashi da kansa: shaf, shaf, shaf. Auta ta latsa duk abin da ke latsuwa, ya ƙi tsayawa, sai da ya gaji don kansa. Bayan kwana biyu, muna tsaye a layin shan mai, hon ya kama kuka ba wanda ya taɓa shi, fiiiii, har wani mai babbar mota ya sauko zai ci mutuncin 'yata. Daga nan gilashin baya ya koyi sauka shi kaɗai, zuuu, ya kuma ƙi hawa. Fitilun gaban direba suka riƙa kunnuwa ja da rawaya kamar gidan biki. Da safe in an murza makulli, maimakon hummm ɗin nan nata mai daɗi, sai kyar, kyar, kyar, kamar tsoho mai tarin sanyi. Turaren nan uku kuwa suka sha iska suka ƙare, sai ainihin warin ya fito fili ya zauna. In an kunna na'urar sanyi, sai ka rantse an buɗe tsohuwar rijiya.

Na ce a kira tsohon bakanike. Surukina ya ce a'a, kwamfutar ce take sabawa da yanayinmu. Kwamfutar nan ta yi wata guda tana sabawa.

Ranar Alhamis ɗin, otal cike yake da baƙi masu taro, manaja ya kira tun ranar Laraba ya ce kada a makara. Mun fito shida da rabi. Muna shiga shataletale sai Balbela ta yi wani dogon nishi, huuu, ta girgiza sau biyu, ta yi tsit. Auta ta murza: ƙyas. Ta sake: ƙyas. Ta uku ko ƙyas ɗin babu. Muka fito mu tura ta gefe, ni da shekaruna, motoci na ta zaginmu ta ko'ina. Muna sa hannu a bayanta sai muka ji ƙarar ƙarshe da ta yi a duniya, ƙarap. Ta kulle ƙofofinta huɗu da kanta, makulli a ciki, wayar Auta a ciki, wankin otal a ciki. Gilashin bayan nan da ya yi sati uku yana ƙin hawa, ranar a rufe yake ruf.

A ƙafa na koma na ɗauko tsohon bakanike. Ya zo, ya tsaya, ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Ai na ji an ce ban san kwamfuta ba." Na ce, "Malam, ka yi wa Allah, ka bar faɗan sai an buɗe." Da wata 'yar wayar ƙarfe ya buɗe ta, amma kafin nan rana ta take, zannuwan sun kwashe awa huɗu a rufe suna shan warin nan. Na ɗauko ɗaya na shinshina, na san ba zan iya miƙa shi ga baƙon da ya biya kuɗin ɗaki ba. Ranar baƙin otal a kan zanen jiya suka kwana.

Manaja ba mugu ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya kira ni ofishinsa, ya ma ba ni kujera. Ya ce, "Mama, sau biyar ke nan kina makara cikin wata guda. Akwai kamfani mai injuna da motarsa da ya daɗe yana bin mu. Na kare ki iya ƙarfina. Daga nan zuwa ƙarshen wata, in ba ki da tsayayyiyar mota, ba ni da bakin magana." Yau saura kwana goma sha ɗaya.

An ja gawar zuwa garejin tsoho, a can aka gano ciwon ajali. Ya ɗaga kafet, sai ga laka a kwance, busasshiya, ta tsattsage kamar bakin kududdufi. Ya ɗaga tayar da ke ajiye a baya, sai ga tsatsa da yashi, har da 'yar ƙaramar katantanwa. Ya buɗe inda wayoyi suka taru, duk sun yi kore. Amma babbar shaida ni na samo ta, ba shi ba. Ina zaune a kujerar baya don ƙafata ta gaji, sai hannuna ya kai ga bel ɗin nan da ake ɗaura wa ƙirji. Na ja shi, na yi ta ja, har ya ƙare. A can ƙarshensa, inda mai wanke mota ba ya kaiwa, ga layi nan ruwan ƙasa ya ratsa shi, sama fari ƙasa dauɗa. Duk macen da ta taɓa barin zane rabi a cikin bokiti ya kwana ta san wannan layin. Na ja sauran ukun, kowanne da nasa, a daidai wuri ɗaya. Tsoho ya auna da hannu ya ce ruwan ya kai wuyan kujera. Wato Balbela ta daɗe da mutuwa a cikin ambaliyar wani gari, aka tsamo ta, aka yi mata wanka, aka sa wa kujerunta sabuwar leda, aka sayar wa mai wanki. Mai wanki fa!

Sau uku ina zuwa wurin Mai Turare. Zuwan farko ina nan a Hajiyata, aka kawo ruwan sanyi, aka ce a kwantar da hankali za a duba. Zuwa na biyu na koma Mama, aka ce ya yi tafiya, alhali ina hango ƙeyarsa ta gilashin ofis yana cin abinci. Zuwa na uku ya fito da kansa, takardar nan a hannu, ya ce, "Ke tsohuwa, wannan ba yatsanki ba ne? Nan an rubuta kin duba, kin gamsu, kin saya yadda kika gan ta." Na ce, "Da bakinka ka ce mini sabuwa ce." Ya ce, "Baki ai iska ne. Sabuwa ce a wurinki." Ma'aikatansa suka yi dariya. Surukina na tsaye a bayana, Masani guda, bakinsa kamar an ɗinke. A hanyar komawa ne ya samu murya, wai mu bar wa Allah. Na ce masa Allah na bar wa hisabin lahira, amma na ƙarshen wata ni zan bi abina.

Ba da bakin marigayiya aka yi wasiyya ba, amma jikinta ya bar darasi, ni kuma zan isar. Duk mai shirin sayen mota, ya je da sassafe kafin a ɗumama masa ita, ya ce a tayar da ita a gabansa tana sanyi, don a nan ake jin tarin da aka ɓoye. Ya rufe gilasai, ya tsinke duk wani abin ƙamshi ya jefar, ya kunna sanyi, ya zauna ya saurari hancinsa. Ya durƙusa ya ɗaga kafet, ba a jin kunyar durƙuso a kan abin da aka yi shekaru ana tara wa. Ya ja bel har ƙarshe. In an ce babu mai, ya sayi lita biyu da kuɗinsa a hau titi, a shiga rami, a taka birki. Ya tafi da bakaniken da hannunsa ya yi baƙi, ba mai tabarau da waya biyu ba. Takarda kuma a karanta masa ita layi-layi, da ƙarfi, ta bakin wanda ba ya sauri, ko za a kai magariba. In kuma tsohuwa ce irina, ta ji abu a ranta, to ta faɗa ta maimaita, ta bar kawaici a gida. Kunyar minti biyar na guje wa, ga shi ina neman rasa aikin shekara goma sha tara.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, uwar riƙonta, da ciwon gwiwar da na samo wajen tura ta. Ta bar Auta, wadda yanzu ke fita tun asuba tana tare motar haya da ƙunshi a ka. Ta bar mata huɗu: ɗaya mijinta na kwance shekara biyu, ɗaya na riƙe da marayun ƙanwarta, biyun kuma ba su da wata sana'a sai wannan bahon. In otal ya tafi, ba ni da abin da zan ce musu. Ta bar tsohon bakanike, wanda ya yafe mini amma kullum sai ya tuna mini ya yafe. Ta bar makulli biyu da ba su buɗe komai. Ta bar surukina da hotuna a waya. Ta kuma bar 'yan'uwanta da yawa a harabar Mai Turare, jere cikin leda, suna ƙamshi, Allah kaɗai ya san nawa ne a cikinsu suka iya iyo.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma ba roƙo ba ne. Mai Turare ya karɓi gawarsa. Ya ba ni mota mai rai wadda tsoho zai shiga ƙarƙashinta ni kuma in shiga cikinta kafin in dangwala komai, ko ya mayar mini da abin da na ba shi in je inda ake tsoron Allah. Kafin ƙarshen wata, ba bayansa ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar, wadda na bincika aka ce ita ce ranar da Mai Turare ya fi samun masu saye, janwe, motar nan mai jan motoci, zai ɗauki marigayiya daga garejin tsoho da ƙarfe tara na safe. Za a bi da ita ta layinmu a hankali don maƙwabta su yi bankwana, a wuce ta shataletalen da ta cika, a sauke ta a bakin babban titi, daidai ƙofar gilashin nan. Ba a cikin filinsa ba, na tambaya an nuna mini inda iyakarsa ta tsaya, taku biyu za mu bari. Za a buɗe ƙofofinta huɗu, a naɗe kafet, a bar jama'a su yi mata kallon ƙarshe. Duk wanda ya zo sayen mota, za a gayyace shi cikin ladabi ya fara yi mana ta'aziyya, tsoho zai zagaya da shi ya nuna masa abin da ido ya kamata ya gani. Ba zagi, ba jifa, ba wanda zai taɓa masa ko fenti. Ni kaɗai zan yi magana, kuma abin da ya faru kawai zan faɗa. Surukina ne zai riƙe mini lema, na riga na gaya masa, bai ce a'a ba.

Masu zuwa su taho da kujerunsu da ruwan shansu. Za a zauna daga buɗe ƙofa zuwa rufewa, Asabar da Lahadi da duk ranar da ta biyo baya. Matan nan huɗu za su riƙe wanki da safe, su karɓe ni da rana in na je guga.

Ranar tashi daga makoki ba a hannuna take ba, tana hannun Mai Turare. In ya yi abin da ya kamata kafin wata ya ƙare, za mu naɗe tabarma mu bar masa gawarsa ya binne inda ya ga dama. In kuwa ya bari ɗaya ga wata ta same ni a wurin, to ya sani daga ranar ba ni da otal, ba ni da wanki, ba ni da inda zan je da ƙarfe bakwai na safe. Mu biyar ne za mu rasa aiki rana ɗaya, kuma dukkanmu mun saba tashi da asuba.